Warin roba daga silin: a ƙara naɗe wayar da salatif ko a zare ta gaba ɗaya?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masu sani nake nema. Ina haya a Yelwa nan Garwa, ciki da falo, rufin kwano da silin na katako. Yau kusan sati biyu ƙwan falo yana ƙifta ido, in ya ga dama ya kama, in ya ga dama ya ɗauke. Na canza ƙwai har sau biyu, bai daina ba. Daren Talata bayan isha'i uwargida ta ce tana jin warin roba. Na haska toci sama, sai ga katakon ya yi baƙi gefen fitilar, kamar faɗin tafin hannu. Washegari na kira wani yaro a unguwa da ke ɗan taɓa aikin wuta, ya ɗaga katako ɗaya ya leƙa, ya ce ɓera ne ya gaigaye waya. Ya naɗe wurin da baƙin salatif, na ba shi jaka ɗaya ya tafi. To jiya warin ya dawo. Na gaya wa mai gidan, ya ce a ƙara naɗewa da kyau, wai yaron ne ya yi ha'incin salatif. Ni dai hankalina bai kwanta ba, yara uku ke kwana a falon nan saboda zafi. Me kuka gani?

Mai Wayarin Domayo:
Wa'alaikumus salam. Baban Ummi, kafin mu yi nisa, tashi yanzu ka je wajen mita ka sauke disjonkta, wato babban makunnin nan da ke yanke wutar gida, mai faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa. Ban ce ka kashe makunnin bango ba, disjonkta na ce. In gidan yana da ƙananan disjonkta layi-layi, sauke na fitilu. In babu, sauke babban, ku kwana da toci. Sai ka dawo ka amsa mini: ban da ƙwan nan, me da me ke mutuwa in an kashe layin?

Baban Ummi:
Na sauke, ranka ya daɗe. Disjonkta ɗaya ne tal a gidan, wanda ke jikin mita. Komai ya mutu har firiji, uwargida na ta mita a kan miyar jiya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ka ce mata ta ɗumama miyar a murhu. Innalillahi, ni ko jin kalmar warin roba ba na so. Shekarun baya a shagona na kasuwa na riƙa jin wari irin wannan, ina cewa maƙwabta ne ke ƙona shara. Ranar da Allah ya tona asirin abin, yarona ne ya ga narkakkiyar roba tana ɗiga daga sama a kan bandir ɗin shadda, ɗis, ɗis, kamar kitse a wuta. Har yau ina ajiye da yankin shaddar da hudojinta uku. Da daddare ne abin ya kama bayan mun rufe, da yanzu wani labari ake yi.

Ɗan Kusuri:
Allah ya tsare, Hajiya. Amma jama'a kada mu tsorata bawan Allah. Salatif ba yau aka fara aiki da shi ba. Gidanmu na gado duk haɗin da ke cikin silin murɗawa aka yi aka naɗe, ya fi shekara goma, ko tartsatsi ba mu taɓa gani ba. Masu wayarin kuma kun san halinsu, kai musu ciwon yatsa su ce sai an yanke hannu. Mai gida ya yi gaskiya, a samu salatif mai kyau a yi masa zagaye goma, magana ta ƙare.

Mai Wayarin Domayo:
Ɗan Kusuri, na ji zolayar, kuma ban ce babu masu yi ba. Amma ni daga Marwa nake magana, ba ni zan je Garwa in karɓi kuɗin aikin ba, don haka ka saurare ni ba tare da zargi ba.

Salatif yana da wurinsa. In fatar waya ce kawai ta ɗan kurje, tagullar ciki lafiya lau, ka naɗe ka wuce, ba laifi. Aikinsa rufe tsiraicin waya. Abin da ba ya yi shi ne matse waya biyu su zama ɗaya. Haɗin da aka murɗa da filaya, rana ta yi ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, yau da gobe sai ya saki. Da ya saki sai wuta ta riƙa tsallake ɗan ratar, wurin ya ɗau zafi, tagulla ta yi baƙi, baƙin ya ƙara hana wuta wucewa, zafin ya ƙaru. In ka ƙara masa zagaye goma, bargo ka lulluɓa wa mai zazzaɓi. Kuma duk wanda ya taɓa shiga tsakanin kwano da silin a watan Afrilu ya san ƙarshen salatif a can: gam ɗin ya narke, ya warware da kansa, ka same shi yana lilo kamar saɓar maciji.

Ɗalibin Lise Teknik:
Ina neman izinin manya in sa baki. Ni abin da ya ɗaure mini kai, ƙwan fitila kaɗai ba zai iya ƙona katako haka ba. Baba, wane irin ƙwai ne?

Baban Ummi:
Irin fararen nan na LED, an rubuta wat 9 a jikinsa.

Ɗalibin Lise Teknik:
To ga lissafin. Wutarmu bolt 220 ce. A raba wat 9 da 220, abin da ke bi ta wayar kusan ampiya 0.04 ne kawai. Ko haɗin ya saki, wannan ɗan abin zai sa ƙwai ya riƙa ƙiftawa, amma da wuya ya dafa waya. Yanzu a ɗauki hitar dafa ruwa mai wat 2000: ampiya 9 ke nan. Zafin da ke taruwa a haɗi ana samun sa ne in aka ninka ampiya da kanta, sannan a ninka da turjiyar wurin. In lalataccen haɗi yana da turjiyar rabin om kawai, 9 sau 9 ya ba da 81, rabinsa wat 40 da ɗoriya. Wat 40 ɗin nan duk a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar wake ba, a ƙarƙashin roba, a kan busasshen katako. Don haka ina zargin akwai wani abu mai cin wuta da ke rataye a layin fitilar.

Ɗan Kusuri:
Yaro ya zo mana da allo. To in haka ne me ya hana disjonkta faɗuwa? Ba aikinsa ke nan ba?

Ɗalibin Lise Teknik:
Yaya, disjonkta yana faɗuwa ne in wutar da ake ja ta wuce adadin da aka sa masa, ko waya biyu sun haɗu kai tsaye, ko kuma, in mai gane zubar wuta ne, wuta ta zurare zuwa ƙasa. A nan babu ko ɗaya. Ampiya 9 a wurinsa aiki ne na yau da kullum. Bai san cewa a can cikin silin wani haɗi yana gasuwa ba.

Mai Wayarin Domayo:
Allah ya yi maka albarka, yaro. Wa ke koyar da ku? Ya iya aiki. Baban Ummi, amsa tambayarsa: akwai soket a falon? Me ake jonawa?

Baban Ummi:
Akwai guda ɗaya bayan ƙofa, wayarsa ta sauko daga silin ta bi bango, da ƙusoshi aka kafe ta. Na tarar da shi haka. Yanzu na tambayi Maman Ummi, ta ce nan take jona dutsen guga, da hitar ruwan wankan yara da asuba. Kuma ta ce, ni ban taɓa lura ba, duk lokacin da ta jona guga ƙwan yakan dushe.

Mai Wayarin Domayo:
Shi ke nan, ɓarawo ya shiga hannu. Wani ɗan haya kafin kai ya so soket, aka hau sama aka feƙe wayar fitila aka murɗa wata a kai. Ɓera na iya zama ya yi nasa, amma ina kyautata zaton ba inda yaron ya naɗe ne ke ƙonewa ba. Ya leƙa ya ga cizon ɓera ya ce ya ga ciwo, ainihin miki na gaba kaɗan inda tocinsa bai kai ba.

A ƙa'idar da muka koya, wadda ta biyo tsarin Faransa, layin fitila wayar ɗaya da rabi ake ja masa, wato mai kaurin murabba'in milimita 1.5, da disjonkta mai ampiya 10, iyaka 16. Layin soket kuwa biyu da rabi, da nasa disjonkta daban. Ba a haɗa su. Sannan a tuna robar wayar nan ta PVC an yi ta ne ta jure zafin digiri 70. Adadin wutar da littafi ya ce waya za ta ɗauka, an auna shi ne a wuri mai digiri 30. In wurin ya kai digiri 50, abin da za ta iya ɗauka ya koma kashi 71 cikin 100. Garwa kuwa a bazara inuwa ma tana haura 40, balle ƙarƙashin kwano da azahar.

Alhaji Mai Gidajen Haya:
Ina karantawa tun ɗazu, na yi shiru ne don na san in an gama a kanmu za a sauke. Ku ji ta bakinmu mana. Ka gina gida ka yi wayarin mai kyau, ka ba mutum. Bayan shekara biyu ya tashi, ka shiga ka tarar an ja waya nan an ja can, soket a bayan ƙofa, fitila a bayi, wani ma har maƙwabcinsa ya ja wa ta taga. Ba wanda ya nemi izininka. Abu ya lalace kuma a ce mai gida ya biya. Wannan adalci ne?

Hajiya Mai Atamfa:
Alhaji, da girmanka. Bawan Allah ya ce a haka ya tarar. Wanda ya ɓata ya tafi, gidan kuma naku ne. In ya kama wuta, Allah ya kiyaye, shi katifa da kujeru zai rasa, ku kuwa gini.

Alhaji Mai Gidajen Haya:
Ban musa ba, Hajiya. Ni da gidana ne da tuni na aika a gyara. Abin da nake cewa, in za a shiga haya a zagaya tare a ƙirga soket da fitila a gaban shaida, kowa ya san abin da ya karɓa. Baban Ummi, kada ka je wa mai gidanka da faɗa. Ɗauki hoton baƙin katakon ka kai masa har gida bayan la'asar, ka gaishe shi, ka ce ka zo ne a kan dukiyarsa. Ka nemi a yi aikin a cire daga kuɗin haya. Mu da laushi ake kama mu.

Kawu na Injamena:
Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri in hau. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Kuma mu nan kusan kowane gida da janareta ko sola. Na san wanda ya sauke disjonkta na mita ya hau da ƙarfin gwiwa, ashe inbata na ciyar da layin fitilu daga batir. Allah ya sa tsanin katako ne, ya tsira da ƙuna a yatsa biyu. A kashe duk wata hanyar da wuta ke shigowa, a sa mutum ya tsaya wajen mita, don yaro na iya zuwa ya ɗaga saboda yana son kallo.

Ɗan Kusuri:
Kawu, su mutanen Garwa ai ba su da wannan matsalar, Lagdo na bayan gidansu, wuta har ta yi musu yawa.

Baban Ummi:
Kai dai bari. Madatsar Lagdo tun 1982 take nan a kan Binuwai da megawat 72 ɗinta, ita ke riƙe da arewacin Kamaru, garuruwa kuma sun ninka. In ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda ake raba wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar da aka buɗe a 2023 sun ɗan rage zafi, amma ba a daina ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan silin. Maganar Lagdo mun yi ta sau nawa a nan, ba ta ƙarewa.

Mai Wayarin Domayo:
To bari in faɗi yadda aikin ya kamata ya tafi, don in ka samo mai yi ka san abin da za ka sa wa ido. Ban ce ka hau da kanka ba. Katakon silin ba ya ɗaukar mutum, a kan sandunan ake taka ƙafa, su ma in gara ba ta cinye su ba. Da sassafe ake shiga, kafin kwano ya ɗau rana.

Bayan an kashe wuta a gwada, kada a yarda da ido. Tastar nan mai kamar sukudireba ana fara gwada ta a wurin da aka san akwai wuta, a tabbatar tana kamawa, sannan a kashe a gwada inda za a taɓa. Mai na'urar awo ya fi. Sai ya bi wayar daga fitila har inda ta samo asali, yana shafawa. Duk inda roba ta taurare, tana karyewa in an lanƙwasa, ko tagulla ta yi baƙi, wannan yankin ya mutu. Ba a yanke tsakiya a yi faci, a zare tsawon gaba ɗaya daga haɗi zuwa haɗi a ja sabuwa. Mita nawa ne a falo ɗaya? Bai taka kara ya karya ba. Sabuwar a zura ta cikin bututun roba, kada a shimfiɗa ta tsirara a kan katako, bututun ne zai rage mata haƙorin ɓera da ɗigar ruwan damina. Haɗi kuma da domino, wato ɗan mahaɗin waya na roba mai sukurori, a ɗaure sukurorin tam, ko da Wago, mahaɗin da ke damƙe waya ba sukuru, in an samu na gaske, a sa cikin akwatin haɗi mai murfi, a wurin da hannu zai iya kaiwa gobe. Mariƙin ƙwan ma a canza shi, tunda ya sha zafi.

Soket ɗin bayan ƙofa a cire shi daga layin fitila kwata-kwata. In ana son sa, a ja masa biyu da rabi daga tushe. In shiga silin zai yi wahala, a bi bango da kwalbatin roba mai murfi, ba abin kunya ba ne, ni na fi son wayar da nake gani.

Abu na ƙarshe da yawancin yara ke kuskurewa: makunni wayar mai wuta yake yankewa, wato ja ko ruwan ƙasa. Shuɗiya ta wuce kai tsaye zuwa fitila, mai kore da rawaya ta ƙasa ce. In aka juya, ƙwai zai mutu in ka kashe, amma wuta na nan zaune a mariƙi tana jiran mai canza ƙwai. Kuma a tsofaffin gidaje kada a amince da launi, na sha ganin gidan da aka yi shi kaf da waya kala ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, ƙwan ɗakina in na kashe yana ɗan haske dishi-dishi cikin dare. Shi ne wannan?

Mai Wayarin Domayo:
Yana iya zama shi, Hajiya, ko kuma makunnin mai ɗan haske ne a jikinsa, shi ma yana sa LED yin haka. A sa a gwada, aikin minti biyar ne.

Ɗalibin Lise Teknik:
A kula wajen sayen waya ma. Akwai wadda ake sayarwa da araha, waje jan tagulla, ciki sanholo. A feƙe bakin a kankare da wuƙa, in fari ya fito a ajiye musu abinsu. In aka kara mata ashana zaren wayar yakan lanƙwashe ya narke, tagulla kuwa sai dai ta yi ja. Sanholo yana turje wa wuta fiye da tagulla da kusan kashi 60 cikin 100, kuma a ƙarƙashin sukuru yana saki. In da hali kuma a sa ɗan allo mai disjonkta biyu ko uku, da mai gane zubar wuta na miliampiya 30, shi ne ke ceton mutum in ya taɓa.

Ɗan Kusuri:
Kun ga abin da na faɗa ko? Daga salatif na dala ashirin an kai mu allo da disjonkta uku. Talaka ya shiga uku.

Mai Wayarin Domayo:
Allon zai iya jira, Ɗan Kusuri, na yarda. Zare ƙonanniyar waya da raba soket da fitila ne ba za su jira ba.

Baban Ummi:
Jama'a ga yadda ta kaya. Na bi shawarar Alhaji, na je da hoto bayan la'asar. Mai gidan ya daɗe yana kallo, ya ce a yi, shi zai ɗauki kayan aiki, ni in biya hannu. Ban ja ba. Yau da ƙarfe shida na safe mai gyara ya zo, dattijo ne, da tsaninsa a kan babur. Ya cire katako biyu. Inda yaron ya naɗe lafiya lau yake, cizon ɓera ne ɗan kaɗan. Kamu biyu gaba, daidai kan baƙin nan, sai ga haɗin soket ɗin. Ya yanko ya miƙo mini: dunƙule ne baƙi ƙirin kamar busasshen dabino, da na matsa sai ya ruguje a hannuna, wayoyin ciki biyu suka rabu ba tare da na ja ba. Wayar soket ɗin da ya kankare fara ce fat a ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali, gefen wurin akwai sheƙar ɓera, tsummoki da leda da guntun takardun makarantar Ummi da muka yi ta nema, gefensu har ya yi ruwan toka. Sandar da ke ƙasa ta ƙone ta yi gawayi kamar zurfin farce.

Ya ja sabuwar waya cikin bututu, ya sa akwati da domino, ya canza mariƙi. Makunnin ma ashe a juye yake, ya gyara. Soket ɗin mun kashe shi tukuna sai ƙarshen wata, Maman Ummi ta koma dutsen gawayi, tana gaishe ku amma ba da fara'a ba. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Hajiya Mai Atamfa:
Alhamdu lillahi. Saura ka nemo kyanwa, ka kuma toshe inda suke shiga ta bakin kwano.

Alhaji Mai Gidajen Haya:
Ka ga ai mai gidan bai ƙi ba. A rubuta cewa yau an yabi ɗayanmu a zauren nan.

Ɗan Kusuri:
Barka da arziki, Baban Ummi. Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, salatif bai yi laifi ba, kai da kanka ka ce inda aka naɗe lafiya lau yake. Malam Mai Wayarin, tambaya ce kawai, ba wani abu ba: in waya ɗaya da rabi ce guda uku za a haɗa, domino mai lamba nawa ake saya?

Mai Wayarin Domayo:
Mai lamba 6. Ka sayi sanda guda, ana yankawa. Akwatunan haɗi kuma ka ƙirga ɗakunan gidan naku na gado ka ƙara biyu.